Jirgi Ya Kwana A Santambul: Ina Baƙo Zai Yi Hira?

Manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke kwasar fasinja dubu biyu, dubu uku, wani lokaci har fiye, suna zagaya Bahar Rum da su gari-gari, al'adarsu ita ce su iso tasha da sassafe su tashi kafin faɗuwar rana. Fasinja ya sauko, a zuba shi cikin bas, a kai shi ya ga fadar sarki da kasuwa da gidan kayan tarihi, kana a komo da shi a guje. Ya ga garin, amma bai ga mutanen garin ba, don kuwa a lokacin da ya zo kowa na wurin neman abinci. To, akwai 'yan birane ƙalilan da jirgi kan kwana a cikinsu, saboda abin kallonsu ya fi ƙarfin yini guda. Santambul ta ƙasar Turkiyya, wadda masu ita ke kira Istanbul, tana sahun gaba a cikinsu.

Ran da jirgi ya kwana, fasinja kan rabu kashi uku. Akwai wanda tsoro zai hana shi sauka, ya ci abincin jirgi, ya leƙa fitilun birni ta taga, ya kwanta. Akwai wanda zai biya kamfanin jirgi kuɗi masu tsoka a kai shi wani zaure da aka shirya musamman domin baƙi, ya ga raye-rayen da ɗan gari ba ya biyan ko anini don ya gani. Na uku shi ne wanda zai sa takalminsa ya fita da ƙafarsa neman inda mutanen gari ke hira. Wannan na uku ya fi kowa riba, kuma ya fi kowa shiga hatsari. Hausawa sun ce dare mahutar bawa, su ne kuma suka ce dare rigar mugu, duka biyun kuwa gaskiya ne a bakin tashar jirgin ruwa. Abin da ke raba riba da hasara a irin wannan dare bai wuce abu guda ba, watau baƙo ya bi sawun 'yan gari zuwa inda su kansu ke zama, kada ya bi muryar wanda ya kira shi.

Inda jirgi ke tsayawa

A birane da yawa tashar jirgin ruwa tana can bayan gari, tsakanin rumbunan kaya da manyan motoci, sai mutum ya yi tafiyar rabin sa'a a mota kafin ya ga fitilar kasuwa. Santambul ba haka take ba. Tun cikin shekarar 2021 jiragen yawon shaƙatawa ke tsayawa a wata sabuwar tasha mai suna Galataport, a unguwar Karakoy, a tsakiyar birnin, daidai inda mashigin Bosforus ya haɗu da wani reshen teku da Turkawa ke kira Halich. Tsawon gaɓar tashar ya kai kilomita 1.2, kuma jirage uku na iya tsayawa a lokaci guda. Ofisoshin duba fasfo da na kwastan duk a ƙarƙashin ƙasa aka gina su. In jirgi ya iso sai a ɗaga waɗansu faifan ƙarfe daga daɓen gaɓar su zama katanga tsakanin jirgin da jama'a, in ya tashi a kwantar da su, mutanen gari su ci gaba da yawonsu a bakin ruwa. Kafin wannan gini, an yi kusan shekara 200 talaka ba ya taka wannan gaɓa.

Wanda ya fito daga ƙarƙashin ƙasa zai tarar da kansa cikin kantuna masu ƙyalli da gidajen abinci masu tsada. Wurin yana da tsabta da haske da masu gadi, mai iyali ko tsoho na iya yin hirarsa a nan hankali kwance. Amma fa ya sani nan ƙofar gari ce, irin waɗannan kantuna kuwa akwai su a Dubai da London. Garin na gaba kaɗan.

Da fita ƙofar tashar ta wajen Tofane, sai ga masallacin Kilich Ali Pasha, wanda shahararren maginin nan Sinan ya gina a wajejen 1580. Mai masallacin haifaffen kudancin Italiya ne, aka kama shi yana saurayi, ya musulunta, ya yi ta ɗaukaka har ya zama shugaban dukan mayaƙan ruwa na Daular Usmaniyya ta Turkawa. A gefensa akwai gidan wankan tururi da aka gina tare da shi, yana aiki har yanzu, mata da rana, maza daga la'asar zuwa dare, sai dai a kan nemi gurbi tun da wuri. Kusa da nan kuma ga masallacin Nusretiye na 1826. Amfanin waɗannan gine-gine ga baƙon dare ya wuce na kallo: hasumiyoyinsu su ne alamar hanyar komawa. Wanda ya riƙe su a ransa ba zai ɓata ba.

Akwai wata kalma da ya kamata Bahaushe ya kiyaye. A bakin Baturke, "liman" tashar jirgin ruwa ce. Wanda ya ce wa direba "liman" bakin teku za a kai shi. Haka nan in an gama cin abinci ana son a biya, "hesap" ake cewa, watau dai hisabi, don su ma daga Larabci suka aro ta.

Daga magariba zuwa lisha

Tafiyar minti goma zuwa sha biyar daga tasha, in mutum ya bi lungunan Karakoy ya nufi kudu, zai kai gadar Galata. Waɗannan lunguna a da na maƙera ne da masu sayar da kayan inji da igiyoyin jirgi. Daga wajejen 2010 samari suka fara buɗe gidajen shayi da gahawa a cikin tsofaffin rumbunan, yanzu da dare kujeru kan cika har tsakiyar hanya. A nan ne kuma gidan Karaköy Güllüoğlu yake, wanda tun 1949 yake sayar da baklawa, wani kayan zaƙi da ake yi da fulawa mai laushi kamar takarda, a jera ta hawa-hawa da man shanu da dakakkiyar ƙwarar fistashiyo, a kwarara mata ruwan sukari. Ana biya a karɓi faranti a nemi wurin zama, kuma yawancin waɗanda ke cikin layin 'yan gari ne.

Gadar Galata ta yanzu an gama ta a 1994, tsawonta ya kusa rabin kilomita, hawa biyu ce. A sama motoci da taragon lantarki ke wucewa, masunta kuma sun jeru da sandunansu a bakin ƙarfe, dare da rana, sanyi da zafi. A ƙasa gidajen abinci ne, kowane da ɗan kiransa a ƙofa yana tare hanya da takardar farashi. Nan ne baƙo zai fara gwada ƙa'idar da aka ambata. Ɗan Santambul in yana son kifi mai araha ba ya tsayawa wurin ɗan kira, wucewa yake zuwa bakin gaɓa, ko ta Karakoy ko ta Eminonu, ya sayi gasasshen kifi cikin burodi da albasa, ya ci a tsaye ko bisa 'yar kujera. Wanda ya tsaya saman gadar da magariba zai ga hasumiyoyin tsohon birni sun jeru bisa tudu, na Sulaimaniyya da na Aya Sofiya da na Yeni Jami da ke bakin gadar, ga jiragen fito na kai da komowa suna busa, ga kiran salla na tashi daga gaɓa zuwa gaɓa. Wannan kallo ba a biyan ko kwabo.

Amma kada baƙo ya ruɗu ya tsallaka tsohon birni da niyyar hirar dare. Babbar kasuwar nan mai rufi tana rufewa da ƙarfe 7 na yamma, ran Lahadi ma ba ta ci, kasuwar kayan yaji ma ba ta kai dare. Unguwar Sultan Ahmad, wadda ke cike maƙil da rana, da an yi lisha sai ta yi tsit, sai 'yan otal. Watan azumi ne kaɗai al'amarin ke juyawa. A lokacin iyalai kan shimfiɗa darduma a filin masallaci su sha ruwa tare, a rataya fitilu tsakanin hasumiyoyi a rubuta kalmomi da su, abin da suke kira mahya, ana hira har sahur, makaɗa kuma na bin lunguna da ganga suna tada mutane kamar yadda aka saba a garuruwan Hausa.

Hawa tudun Beyolu

Dandalin Santambul na gaskiya yana bisa tudun da ke bayan tashar, a gundumar Beyolu. Hanya biyu ce. Mai ƙarfin gwiwa ya hau da ƙafa, ya ratsa ta gindin hasumiyar Galata, wadda 'yan kasuwar Jenowa ta Italiya suka gina a 1348, tsayinta ya haura mita 60. Filin da ke gindinta da dare cike yake da matasa da masu kiɗa. Daga nan ya bi titin Galip Dede, inda shagunan masu sayar da kayan kiɗa suka jeru. Wanda ba ya son haki kuwa ya shiga Tunel, wani ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da igiya ke ja, wanda wani injiniya Bafaranshe mai suna Gavand ya tsara, aka buɗe shi a 1875. In ban da na London na 1863, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya girme shi a duniya. Tsawon hanyarsa mita 573 ne kacal, cikin minti ɗaya da rabi ya kai mutum sama. Sai dai yana tashi aiki kafin tsakar dare, don haka mai niyyar daɗewa ya san da ƙafa zai sauko.

Inda Tunel ya sauke mutum nan titin Istiklal ya fara, ya miƙe kilomita 1.4 har dandalin Taksim. Mota ba ta bi, sai wani jan tarago irin na da, da aka maido a 1990, yana tafe yana buga ƙararrawa a tsakiyar jama'a. Daga ƙarfe 8 zuwa tsakar dare titin kamar ranar hawan salla yake: mata masu lulluɓi da marasa lulluɓi, ɗalibai, Larabawa, Farisawa, Rashawa, 'yan Afirka, masu gasa masara, masu sayar da simit, watau burodi mai siffar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, da masu sayar da ƙanƙarar madara ta garin Marash, waɗanda sai sun gama wasa da hankalin mai saye da doguwar sandarsu kafin su miƙa masa. A tsakiyar titin akwai cocin Santa Antoniyo na 1912, a ƙarshensa kuma babban masallacin Taksim da aka buɗe a 2021.

Shi titin kansa na wucewa ne, zama a lungunansa ake yi. Akwai wani zaure mai rufin gilashi da ake kira Chichek Pasaji, watau zauren furanni, ginin 1876. An ba shi sunan ne saboda matan Rasha da suka gudo bayan juyin mulkin 1917 suka riƙa sayar da furanni a ciki. Wurin yana da kyan gani, amma yau baƙi sun fi yawa, farashi kuma na baƙi ne. Ɗan gari kan ratsa ta kasuwar kifi da ke gefensa ya faɗa lungun Nevizade, ko ya gangara Asmali Masjid. A waɗannan wurare ne ake samun gidajen da suke kira meyhane. Ya kamata mai karatu ya san ko mene ne meyhane kafin ya zauna: gidan cin abinci ne da shan giya, musamman wata mai ƙarfi da suke kira raki. Ana jera ƙananan faranta na cuku da kankana da gauta da kifi, a daɗe ana ci ana hira, makaɗa kuma su zo da ud da kanun da goge da 'yar ganga su tsaya bisa kan mutum suna rera tsofaffin waƙoƙi, in sun gama a ba su abin goro. Wanda ba ya sha ba a tilasta masa, amma zai zauna ne cikin masu sha.

Ga wanda wannan bai dace da shi ba, Santambul ba ta rage shi da kome ba, don mafi yawan hirar Turkawa a kan shayi ake yinta. Ana kawo shi baƙi, ba madara, cikin ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ana buga wata irin dara da suke kira tavla, waɗansu na zuƙar shisha. Mai son kiɗa mai natsuwa kuwa ya nemi sema ta mabiya ɗariƙar Maulawiyya, almajiran Jalaluddin Rumi wanda ya rasu a Konya a 1273. Su ne masu fararen riguna da dogayen huluna da ke juyawa ana busa musu sarewa. Zawiyarsu ta Galata, da aka kafa a 1491, tana kan titin Galip Dede. Gwamnati ta rufe zawiyoyi a 1925, wannan kuwa daga baya ta zama gidan kayan tarihi. Wurin da baƙo ya fi samun sema da yamma shi ne zauren Hojapasha a unguwar Sirkeji, wani tsohon gidan wanka na ƙarni na 15. Ana sayen tikiti tun da rana, ba a tafi, ba a surutu, don masu yi ibada suka ɗauke ta.

Shayi a Asiya

Akwai wata riba da mai kwana ke samu wadda mai yini ba ya samu. Santambul, mai mutum fiye da miliyan 15, ta kasu tsakanin Turai da Asiya, jirgi kuwa a gefen Turai yake tsayawa. A bakin gadar Galata akwai matsayar jiragen fito na hukumar birni. Mutum ya sayi katin nan Istanbulkart a na'urar da ke ƙofa, ya zuba masa kuɗi, da shi zai hau jirgin fito da tarago da Tunel da bas duka. Cikin kamar minti 20 jirgin fito zai sauke shi a Kadikoy, a nahiyar Asiya, ga mai shayi na zagayawa da faranti a cikin jirgin. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake karɓa a jiragen da ke kai baƙi cin abincin dare bisa Bosforus ba, ruwan kuwa ɗaya ne, fitilun ma ɗaya ne.

Kadikoy unguwar ɗalibai ce da ma'aikata. Lungunan kasuwarta da dare gidajen abinci ne da na kiɗa, baƙo kuma ba ya ɗaukar ido a can, don ba da shi aka dogara ba. Wanda ya fi son natsuwa ya nufi Uskudar, unguwar masallatai da dattawa, inda iyalai kan zauna a bakin ruwa suna shan shayi suna kallon 'yar hasumiyar nan da ke tsakiyar teku, ga tsohon birni na haskakawa a tsallake. Sharaɗin wannan tafiya guda ne. Kafin mutum ya bar matsaya ya karanta allon lokaci, ya san jirgin ƙarshe na komowa. A yawancin ranakun mako jiragen fito da tarago kan tashi aiki wajejen tsakar dare. Wanda ya makara a Asiya sai tasi, ta zagaya da shi ta kan gada ko ta ƙarƙashin teku, ya biya ninkin-ba-ninkin.

Muryar mai kira

Yanzu sai rigar mugu. Akwai wata damfara da ta daɗe a kewayen Istiklal da Taksim da Sultan Ahmad, har gwamnatocin Ingila da Amurka sun sha gargaɗin mutanensu a kanta. Namiji mai tafiya shi kaɗai ake nema. Wani mai kyan shiga zai matso ya nemi ashana ko ya tambayi hanya da Turkanci, in an ce ba a ji sai ya yi mamaki ya juya Turanci, ya ce shi ma baƙo ne, ɗan kasuwa ne daga wani gari, ya san wani wuri mai kyau nan kusa. In an bi shi sai a gangara wani ɗaki a ƙarƙashin bene, 'yan mata su zo su zauna, a buɗe kwalabe ba wanda ya tambayi farashi. Da an kawo hisabi sai a ga kuɗin da ya kai na tikitin jirgin sama. Abokin ya yi kamar ya firgita ya ce a raba biyu, ƙarti kuma su tsaya a ƙofa, su raka mutum har na'urar cirar kuɗi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Turkawa mutane ne masu karamci ƙwarai, mai shago na iya ba baƙo shayi kyauta da zuciya ɗaya, amma karamcin gaskiya a inda aka haɗu ake yinsa, ba ya jan mutum zuwa wani lungu.

Ƙananan dabaru ma suna nan. Mai goge takalmi zai yar da burushinsa a gaban mutum, in an tsinta masa ya ce sai ya yi godiya da gogewa, a ƙarshe ya tsawwala kuɗi. Wani direban tasi zai ce mitarsa ta lalace, ko ya musanya babbar takardar kuɗi da ƙarama ya ce abin da aka ba shi ke nan. Maganin wannan shi ne a kira tasi ta manhajar waya, a tabbata mita na aiki, in za a biya kuma a faɗi adadin takardar da baki kafin a sake ta. A gidan abinci a nemi takardar farashi kafin a zauna, kifin da ake sayarwa da awo kuma a ji kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta. Farashin da wani ya faɗa wa mutum bara ba abin dogara ba ne, don darajar lira ta zube ƙwarai, har hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a watan Oktoba na 2022 bisa lissafin gwamnati.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A watan Janairu na 2025 gomman mutane suka mutu a Santambul saboda shan jabun giya mai guba, wadda ake sayarwa da araha a wuraren da ba su da izini, cikinsu har da baƙi 'yan ƙasashen waje. Ta fuskar tsaro kuwa, a daren shiga shekarar 2017 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 39 a gidan rawa na Reina a unguwar Ortakoy, kana ran 13 ga Nuwamba 2022 bam ya tashi a tsakiyar Istiklal ya kashe mutum 6. Tun daga nan 'yan sanda suka ƙaru a titin. Zanga-zanga ma kan taso, kamar yadda aka yi a watan Maris na 2025 bayan kama magajin garin, Ekrem Imamolu, a irin wannan rana kuwa a kan rufe tashoshi da hanyoyin Taksim. Baƙo in ya ga taro da tutoci ya canza hanya, kada ya tsaya ɗaukar hoto. Lambar neman agaji ta kowane iri ita ce 112.

Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar yana da ƙarin abin kiyayewa. Santambul ba baƙuwa ba ce ga fataken Kano da ke zuwa sarin tufafi da takalma a Laleli da Osmanbey, kuma akwai 'yan Afirka da yawa a Aksaray da Kumkapi, har da gidajen abincin gida. Amma dokar ƙasar ta wajabta wa kowa yawo da shaidarsa, kuma daga 2023 hukuma ta ƙara tsananta binciken baƙin da ba su da izinin zama, da motocin bincike a manyan mahaɗu. Baƙar fata ya fi saurin jawo tambaya. Saboda haka kada ya sauka sai da fasfonsa da katin jirginsa. In ofishin jirgi ne ke riƙe da fasfon, ya tambaye su takardar da zai nuna. Maganar biza kuwa tun daga gida ake gama ta, don abin da aka yafe wa mai fasfon Turai ba lalle ne an yafe wa mai koren fasfo ba.

Agogon jirgi

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. In jirgi ya kwana, ƙofarsa a buɗe take har asuba, kowa ya fita ko ya shiga sai ya nuna katinsa ga na'ura, don haka sun san wanda bai komo ba. A bakin tsani a kan kafa allo mai lokacin da ake son kowa ya kasance a ciki, galibi rabin sa'a kafin tashi. Wanda ya fita tare da ayarin kamfani, in sun makara ana jiransu. Wanda ya fita don kansa ba a jiransa. In lokaci ya cika sai a miƙa fasfonsa, in yana jirgin, ga wakilin kamfani na tashar, a janye tsani. Daga nan kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk a wuyansa suke, in kuwa tashar a wata ƙasa take, kamar Girka, sai kuma a duba ko bizarsa ta yarda ya sake shiga. Sunan wannan wakili da lambar wayarsa suna cikin takardar shirye-shirye da ake rabawa ɗaki-ɗaki kowace rana, mai hankali ya ɗauki hotonta kafin ya sauka.

A kula kuma da agogo. Tun 2016 Turkiyya ta daina sauya lokaci tsakanin rani da hunturu, tana gaban Nijeriya da sa'a biyu kullum. Girka kuwa tana sauyawa, don haka da hunturu akwai bambancin sa'a ɗaya tsakaninsu, da bazara babu. Jirgin da ya fito daga can yana iya riƙe nasa lokaci, wayar hannu kuma ta bi na gari. Lokacin jirgi shi ne abin bi.

Dare ɗaya ba zai isa a ga Santambul ba, wanda kuma ya ce sai ya taka ko'ina zai ƙare daren a cikin tasi. Abin da ya fi shi ne mutum ya zaɓi wuri biyu, ya yi magariba a kan gada, ya yi lisha a Beyolu ko a Kadikoy, ya tafi da abokin tafiya, ya ɗauki kuɗi daidai bukata ya bar sauran a akwatin ɗakinsa. In ya zo zaɓen wurin zama ya leƙa ciki tukuna. Inda ya ga mata da yara da dattawan gari, ana magana da Turkanci, farashi kuma a rubuce a ƙofa, ya shiga ya zauna. Inda ya ga sai ɗan kira da labule, ya wuce. In dare ya raba ya gangaro ta hanyar da ke da haske da jama'a, ya nufi hasumiyoyin Tofane, jirginsa na nan bayansu.